Inda Za Ka Faɗa Mata Aurenta Kake So: Jagora Ga Saurayin Ƙauye Mai Shirin Shiga Birni

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, magabata ne ke neman aure, magabata ke bayarwa. Amma kafin baffanka ya sa babbar riga ya nufi gidansu da goro, akwai magana guda da babu mai yi maka ita: ka faɗa wa yarinyar da bakinka cewa aurenta kake so, ka nemi yardarta ka turo manya. Tun da can a ƙofar gida ake yin wannan magana, a kan tabarma, bayan isha'i, kuma har gobe mafi yawan aurenmu daga nan yake tashi. Sai dai samari da yawa yanzu suna son ranar ta fita daban, musamman idan wata hidima za ta kai yarinyar birni, kamar bikin 'yar'uwa a Kano, ko yawon Sallah gidan gwaggo a Dutse, ko rakiyar yayarta sayayya a Kantin Kwari.

Ina ganin buri ne mai kyau. Macen da za ta baro ɗakin uwarta ta dawo gidanku ta cancanci a tambaye ta a wuri mai daɗi, cikin natsuwa. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne masu kwaikwayon bidiyon TikTok, a durƙusa da gwiwa ɗaya a tsakiyar jama'a, abokai na ɗauka da waya, ita kuwa ta rasa inda za ta sa fuskarta. Bayan kwana biyu za ta koma garin da kowa ya san kakanta. Duk wurin da za ka zaɓa, da wannan komawar za ka auna shi.

Mataki na farko: abin da za ka tabbatar tun kana gida

Kafin ka fara tunanin Dala ko gidan zoo, ka binciki ko hanya a buɗe take. Addini ya hana mutum neman aure a kan neman ɗan'uwansa, kuma a ƙauye yakan faru uba ya yi wa ɗan ƙaninsa alkawarin yarinya tun ba a sanar da ita sosai ba. Kada ka dogara da abin da ta faɗa maka kaɗai. Ka sa yayarka mace ko gwaggonka ta jiyo maka a cikin gida ko an karɓi kuɗin wani, ko an tsayar da magana da wani gida. Mata sun fi sanin irin wannan labari, kuma sun san yadda za su tambaya ba tare da an gane ba. Idan bazawara ce, ka tabbata iddarta ta cika.

Sai ka dubi kanka. Akwai ɗakin da za ka sa ta? Gonar ko sana'ar za ta iya ciyar da mutum biyu? Sadaki da lefe suna kusa, ko sai bayan kaka biyu? Ranar da ka furta kalmar aure ta amsa, ta fara sallamar sauran masu zuwa wurinta. In ka bar ta shekara biyu babu magabata, ka cuce ta, ko da ba ka yi niyya ba. Ka yi istihara, sannan ka sanar da mahaifinka ko wanda ke tsaye a matsayinsa. Ba daidai ba ne 'yar mutane ta amsa maka, ka dawo gida a ce ba a yarda ba.

Mataki na biyu: izini da 'yan rakiya

Kada ka ƙirƙiro tafiya don ku biyu. Ka jira tafiyar da gidansu suka riga suka shirya, wadda za ta sauka a hannun danginta. Kai kuma ka yi taka tafiyar daban, ka sauka wurin ɗan'uwanka ko abokinka. Mahaifiyarta ta san za ka je, ko ta bakin yarinyar ko ta bakin yayarta, don kada labarin ya zo mata daga waje.

Da ka isa, aikinka na farko shi ne gaisuwa a gidan da ta sauka. Ka je da rana, da hula a kanka, ka durƙusa ka gaida masu gida. Bayan an gaisa ka ce: "Gwaggo, na zo gaishe ku ne, kuma ina neman alfarma. In babu damuwa, gobe da hantsi ina so mu ɗan zaga gari da su, tare da Yaya da yara. In sha Allah kafin la'asar na dawo muku da su." Idan akwai maigida, ta ce sai an tambaye shi, ka jira shi. Ka faɗi sunan wurin da za ku je, ka bar lambar wayarka. Idan aka ce a'a, ka ce "To Gwaggo, babu komai, Allah ya ƙara girma," kuma kada fuskarka ta canja. Ba ka yi asara ba, domin zauren wannan gidan ma wuri ne, zan zo kansa.

Zaɓen ɗan rakiya yana da muhimmanci fiye da yadda samari ke zato. Wadda ta fi dacewa ita ce yayarta mai aure. Ta san abin da ake ciki, ta san lokacin da za ta ja yara gefe, kuma in an koma gida maganarta na da nauyi wurin iyaye. Ku haɗa da yaro ɗaya ko biyu masu shekara 7 zuwa 10. Ƙawarta kuwa ka yi hattara. Wata ƙawar amana ce, wata kuma kafin ku hau motar komawa ta gama watsa labarin a WhatsApp. Daga ɓangarenka aboki ɗaya mai hankali ya isa, in ma babu shi ba laifi.

Mataki na uku: ma'aunin da za ka ɗora kowane wuri a kai

Wurin da kake nema shi ne inda ido ke ganinku amma kunne ba ya jinku. In ka riƙe wannan, rabin aikin ya ƙare.

Ido yana ganinku, wato ba ku keɓe ba. Annabi (SAW) ya yi gargaɗi cewa namiji ba ya keɓewa da mace face Shaiɗan ne na ukunsu. Don haka ɗakin otal, da cikin mota mai duhun gilashi, da lungun lambu bayan magariba, duk ka fitar da su daga lissafi tun farko. A Kano akwai Hisba, suna kuma kai samame irin waɗannan wurare. Ko babu Hisba, birni cike yake da mutanen garinku: 'yan ci-rani, masu tuƙa adaidaita sahu, masu tura kurar ruwa, yaran shago a kasuwa. Ka tambayi kanka, in ɗan unguwarsu ya gan ku a nan, za ka iya miƙa masa hannu ku gaisa ba tare da ka sunkuyar da kai ba? In amsar a'a ce, wurin bai yi ba.

Kunne ba ya jinku, wato tana da damar faɗin gaskiyarta. Wannan ɓangaren ne aka fi mantawa da shi, kuma shi ya fi damuna. 'Yar da aka tarbiyyantar da kunya ba za ta iya cewa "ban shirya ba" a gaban mutum goma da suka zuba mata ido ba. Za ta yi murmushi ta rufe fuska da mayafi, kowa ya ɗauka ta yarda, alhali ba ta faɗi komai ba. Amsar da aka samu ta wannan hanya tana warwarewa daga baya, wani lokacin bayan an kai kuɗi, sai gidaje biyu su shiga rigimar da ba a san ranar ƙarewarta ba. Ka ba ta wurin da za ta iya tambayarka inda za ta zauna, ko za ta ci gaba da karatu, ko gidanku na gandu ne, ta kuma iya cewa ka ba ta lokaci.

Sauran abubuwan dubawa ƙanana ne amma suna ɓata rana in babu su: inuwa, wurin zama, ruwan sha, banɗakin da mace za ta iya shiga, da masallaci kusa don azahar za ta same ku a waje.

Mataki na huɗu: wuraren da kansu

Gidan zoo na Audu Bako, a kan Titin Zoo, shi na fi ba ɗan ƙauye shawara. An sa masa sunan gwamnan soja na farko na Jihar Kano, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, kuma a zamaninsa aka kafa shi. Wuri ne mai faɗi da manyan bishiyoyi, iyalai ke zuwa, kuma babu uwar da za ta ji an ce 'yarta ta je gidan zoo da yayarta da ƙannenta ta ɗaga gira. Yara za su shagala da kallon birai da jimina, Yaya ta bi su, ku kuma ku samu gindin bishiya inda tana hango ku. Amma kada ka kuskura ka kai wannan magana can a kwanakin Sallah. A ranakun nan cunkoson ya wuce misali, ga ture-ture a bakin ƙofa, ga masu yankan aljihu, ko numfashi da ƙyar ake yi balle zancen aure. Ranar aiki da hantsi, kamar Talata ko Laraba, za ka same shi shiru.

Gidan Makama, kusa da gidan Sarki, gini ne na ƙasa da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Yanzu gidan tarihi ne. Zaurukansa na da sanyi ko da rana ta take, kuma zagayawa cikinsa na ba ku abin hira in kunya ta ɗaure muku baki: tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, kayan yaƙi, hotunan sarakuna. A cikin zaurukan murya na amsa kuwwa, kuma mai yi muku bayani yana tare da ku, saboda haka ka bari sai kun fito tsakar gidan. Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya zauna, shi ma irin wannan wuri ne, kuma bai cika jama'a ba. Duka biyun ka tambayi ranaku da lokutan da suke buɗewa kafin ka ɗauko mutane.

Dutsen Dala shi ne wanda zuciyar kowane saurayi ke fara zuwa kansa, kuma na gane dalili. Daga samansa Kano gaba ɗaya tana shimfiɗe a gabanka, ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin Babban Masallaci, ga tsofaffin unguwanni manne da juna, iska na kaɗawa. Nan ne tushen garin, inda tarihi ya ce Barbushe ya zauna. Amma ka yi la'akari da wadda za ka kai. Matakalar na da tsayi, kuma mace mai zani da dogon hijabi za ta isa sama tana haki, gumi ya wanke mata kwalliya. A saman babu inuwar kirki. Yaran unguwa kan biyo baƙi, don haka samun wurin da ba a jinku sai an dace. Idan ita ce ta nuna sha'awar hawa, ku je da sassafe lokacin sanyi, ku kalli gari, ku sauko. Kada yamma ta yi muku a can. Ni dai da za a bi tawa, Dala wurin kallo ne, maganar a kai ta wani wurin.

Ado Bayero Mall, wanda shi ma yana kan Titin Zoo, da gidajen cin abinci na cikin Nasarawa, suna da sanyin na'ura da kujeru masu kyau. Matsalarsu biyu ce. Teburan na kusa da juna, na gefe yana jin komai. Sannan yarinyar da ba ta saba da irin wurin ba takan takura, ta kasa cin abincin, hankalinta na kan yadda za ta riƙe cokali da yadda ake kallon shigarta. In ka san ta saba, kamar wadda ta yi karatu a birni, to babu laifi, ku zaɓi teburin gefe, 'yan rakiya su zauna a na kusa.

Kasuwanni, Kwari da Kurmi da Sabon Gari, na sayayya ne kawai. Marinar Ƙofar Mata kuma ta tsayuwar minti 20 ce, a ga yadda ake rini a wuce.

Ba dole sai Kano ba. Ga mutumin Kiyawa ko Jahun ko Birnin Kudu, Dutse ta fi kusa, ba ta da hayaniya, kuma duwatsun da suka kewaye ta da itatuwan dabino sun isa kallo, musamman wajen Garu inda tsohuwar fada take. Kazaure na da duwatsu da ruwan dam a gefen gari. Haɗejia na da bakin kogi. A waɗannan garuruwa sai ka ƙara kula, domin sun fi ƙanƙanta, kuma wanda ya san ku ya fi yawa. Akwai kuma wuraren da suka yi suna amma suna bayan gari, irin su dam ɗin Tiga, da dausayin Baturiya inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai lokacin hunturu, da duwatsun Birnin Kudu masu tsofaffin zane-zanen shanu. Suna da kyau ƙwarai, amma sun yi nisa da idon jama'a, kuma motar komawa ba ta da tabbas. Ka ajiye su sai bayan an ɗaura, ku je da ita a matsayin matarka.

Sai zauren gidan gwaggo. Kada ka raina shi. Sau da yawa tsarin da ya fi kyau shi ne a raba abin biyu: fitar ta zama ta farin ciki da sakin jiki, maganar kuma a yi ta bayan an dawo, da yamma, a zaure ko a farfajiyar gidan da ta sauka. Ta huta, ta yi wanka, tana cikin danginta, ba ta jin tsoron kowa. Ga shi ba a garinku ba ne, babu yaran maƙwabta masu laɓe, babu wani saurayin da zai yi sallama a tsakiyar zance. In yarinyar mai yawan kunya ce, wannan na fi zaɓa mata a kan duk wuraren da na ambata.

Mataki na biyar: lokaci da hanya

Bayan kaka ya fi, daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. An girbe gero da dawa, an sayar da riɗi ko zoɓo ko gyaɗa, akwai ɗan abin hannu, aikin gona ya yi sauƙi, rana kuma ba ta da zafi. Lokacin ne ma bukukuwa ke yawa, don haka dalilin shiga birni ba ya wuya. In hazo ya yi kauri, kallo daga kan dutse ba ya armashi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, duk abin da za a yi a waje a gama shi kafin sha ɗaya na safe. Da damina kuwa gona ba za ta sake ka ba, kuma hadari na iya tarwatsa shirin cikin minti kaɗan.

Masu son haɗawa da kallon hawan Sallah, kamar Hawan Daushe ko Hawan Nasarawa, su fara tambaya tukuna, don a 'yan shekarun nan an sha dakatar da hawan a Kano. Ko an yi, ranar kallo daban, ranar magana daban. Juma'a ma ka kauce mata in za ka shiga cikin gari, saboda ana rufe hanyoyi lokacin salla, kuma masu bin hanyar Wudil za su haɗu da cunkoson kasuwar ranar.

Ka san tashar da motar garinku ke sauke fasinja. Masu zuwa ta hanyar Wudil da Dutse galibi wajen Unguwa Uku suke sauka, wadda ba ta da nisa da Titin Zoo. Masu zuwa daga Gezawa, Ringim, Gumel da Haɗejia suna shigowa ta 'Yankaba. Na Dambatta da Kazaure ta Ƙofar Ruwa. Tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birnin Kano, don haka adaidaita sahu za ku hau. Ka ɗauki shatar guda, ku yi ciniki kafin ku shiga, mata da yara su zauna a baya, kai ka zauna gaba kusa da direba. In ka samu direba mai kirki, ka karɓi lambarsa ya dawo ya ɗauke ku.

Mataki na shida: ka je kai kaɗai tukuna

Kwana ɗaya kafin ranar, ka taka ka je wurin. Ka ga nawa ne kuɗin shiga na babba da na yaro, ƙarfe nawa ake buɗewa, ina masallaci, ina banɗaki, wace bishiya ce ke da inuwa a daidai lokacin da za ku zo. Ka zaɓi wurin zama biyu, ko da za ka tarar an riga ka ɗaya. Namijin da ya san inda ya dosa yana kwantar wa mace da hankali. Wanda ke tsayar da masu wucewa yana tambayar hanya, da mutum huɗu a bayansa cikin rana, ya riga ya gajiyar da kowa.

Lissafin kuɗi ka yi shi na mutum huɗu ko biyar: mota, shiga, ruwa da lemo, abinci, ɗan abin da yara za su nuna su ce a saya musu, da tsarabar gidan da suka ba ka aron 'yarsu. Ka riƙe tsabar kuɗi da canji, don tura kuɗi ta waya na iya maƙalewa a daidai lokacin da mai abinci ke tsaye a kanka. Ka raba kuɗin aljihu biyu, wayarka kuma kada ka riƙa zaro ta a cikin adaidaita sahu. Kada ka ci bashi saboda wannan fita, kuma kada ka taɓa abin da ka tara na sadaki. Gurasa da tsire da zoɓo mai sanyi a gindin bishiya sun wadatar. In ka nuna mata rayuwar da ba taka ba, ita za ta sa ran samu a gidanka.

Mataki na bakwai: maganar

Ka bari a zaga, a ci, a sha, a yi azahar. Tun da farko ka riga ka raɗa wa Yaya cewa kana da magana da ƙanwarta, ita za ta san yadda za ta janye yara. Ku zauna da tazara a tsakaninku. Ba riƙe hannu, ba durƙuso, ba wanda ke ɗaukar bidiyo. Ka sa wayarka a aljihu.

Kada ka haddace kalaman da ka gani a intanet, za ta gane ba naka ba ne. Ka kira ta da sunan da ka saba kiranta, ka yi magana irin ta gida: "Kin ga mun daɗe tare, kuma ni ba da wasa nake zuwa wurinki ba. Na yi shawara da Baba, ya amince. Aurenki nake so. In kin yarda da ni, ina so ki ba ni izini in turo magabatana wurin su Baba." Daga nan ka faɗa mata gaskiyar halinka: abin da kake samu, ɗakin da za ta zauna, ko da mahaifiyarka za ku zauna gida ɗaya, ko kana tafiya ci-rani Legas ko Abuja wata huɗu a shekara. In kana da mata, ko ka taɓa aure, ko akwai 'ya'ya, yau ce ranar faɗa in ba ta riga ta sani ba.

Sai ka yi shiru. Wannan shirun na da wuya, amma kada ka cike shi da surutu. Shari'a ta ɗauki shirun budurwa a matsayin yarda idan waliyyinta ya nemi izininta, amma kai da ka san ta ya kamata ka bambance shirun kunya da shirun damuwa. Wadda ta sunkuyar da kai tana murmushi tana wasa da gefen mayafi, ta ce "Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri" ko "Sai abin da su Baba suka ce," galibi ta ba ka hanya. Wadda fuskarta ta sauya, ta kau da kai, ta ce "Bari dai tukuna," akwai abin da ke ranta. Ka ce mata: "Babu gaggawa. Ki yi shawara da Inna, ki yi istihara, duk abin da kika yanke ki faɗa mini ko ki faɗa wa Yaya." Bazawara kuwa da bakinta za ta amsa, kuma tana iya yi maka tambayoyi masu zafi. Ka amsa su ɗaya bayan ɗaya, ta san abin da ta gani a baya.

Zobe ba dole ba ne, kuma a wasu gidajen in yarinya ta dawo da zobe a hannu kafin manya su zauna, ana ɗaukarsa rashin kunya. Turare, ko atamfa turmi ɗaya, ko mayafi mai kyau sun fi dacewa, kuma ka miƙa ta hannun Yaya don a shiga da shi gida a fili. In za a yi hoto, a yi na kowa da kowa har da yara, kuma kada ya hau Facebook ko status.

Idan ta ce a'a, ka daure. Ka gama ranar kamar yadda ka fara ta, ka biya kuɗin mota, ka raka su har ƙofar gida, ka yi wa Gwaggo godiya. Kada ka karɓe kyautar, kada ka ƙirga mata abin da ka kashe, kuma kada wani a garinku ya ji daga bakinka abin da ya gudana.

Mataki na takwas: mayar da su da abin da ke biyo baya

Ka ce kafin la'asar, to ya zama kafin la'asar. Gara ku dawo da saura awa guda da ku makara da minti goma, domin da wannan ake fara auna alkawarinka. Ka shiga ka sake gaisuwa, ka ajiye tsaraba: goro, ko kilishi, ko dabino in daga Dutse ne, ko sabulu da turare na Gwaggo. Na mahaifiyarta a ƙauye ka ba Yaya ta kai.

In ta amince, ranar da ka koma gida ka sanar da mahaifinka, kuma kada a wuce mako biyu ko uku ba a aika gidansu an nemi ranar da manya za su je ba. Kowane gari da al'adarsa wajen kuɗin na-gani-ina-so, da gaisuwar iyaye, da baiko, da sa rana, don haka ka bar wa baffanninka da gwaggonninka su tsara, su suka san abin da ake yi a gidan da za a shiga. Abu ɗaya da ya rage naku ku biyu shi ne gwajin lafiya. A Jihar Kano an sa hannu kan dokar da ta wajabta shi kafin ɗaurin aure a 2024, ya haɗa da gwajin rukunin jini saboda sikila, da ciwon hanta, da cuta mai karya garkuwar jiki. Ku yi shi da wuri a babban asibitin ƙaramar hukumarku, tun kafin a kai kuɗi a sa rana. Idan gwajin ya nuna ku biyun duka AS ne, wato kowannenku na ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da yana da ciwon ba, kowane ciki yana da yiwuwar kashi 25 cikin 100 na zuwa da ɗa mai sikila, kuma sanin haka yanzu ya fi sauƙin ɗauka a kan saninsa bayan an ɗinka lefe. Ta je da yayarta, kai ka je da naka ɗan'uwan, kowa ya karɓi takardarsa, sannan a nuna wa manya.